Gaisuwar da ta ba Bello aiki

Gwandu, daren Laraba, daminar 1996

An ɗauki Bello na Dangoma aikin rubuta manhajar kwamfuta, ni an bar ni. Tare muka shiga wurin manaja a Kalgo. Na miƙa masa hannu a tsaye, yadda na saba a gidan jaridar da na yi aiki. Bello kuwa ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, ya tambayi lafiyar iyali har da shanu.

"Malam Sani," in ji manaja, "aikinka ya fi nasa tsabta. Amma ɗaki ɗaya za mu riƙa zama, kai kuwa ba ka iya gaisuwa ba."

Ɗazu Bello ya aiko in koya masa gano kuskure a manhaja kafin Litinin. Na ce zazzaɓi nake yi. Lafiyata lau.