Ƙullutun da Ban Gaya Miki Ba

Zuwa ga 'yata Rabi,

Assalamu alaikum. Na san wannan takarda ba za ta isa kabarinki ba, amma uwa ba ta fasa magana don ɗa ya yi nisa.

Gida lafiya. Katangar zaure ta zube da damina, ƙanenki Bello har yau yana cewa gobe. Kin san ra'ayina game da mai cewa gobe.

Abokiyar aikinki Dakta Hauwa ta zo gidanmu a Ƙofar Kuyambana ranar Laraba. Ta nemi izinin ci gaba da aiki da 'yan kwalaben da kika bari a firijin ɗakin bincikenku, masu ruwan da kike tatsowa daga ƙwayoyin jikin ɓera, waɗanda kika ce su ke ɗinke rauni. Kawunki ya ce sai an tambayi malamai ko sun shiga rabon gado. Na ce wa zai gaji ruwan ɓera? Na ba ta, da sharaɗin kada a goge sunanki.

Kin tuna yadda nake tsayar da ke a zaure sai kin wanke hannu kin sauya mayafi? Kina dariya, kina cewa ba ɓera kuke taɓawa ba, ƙwayoyinsa kuke reno a faranti. Kin ce ƙwayoyin jiki suna aika wa juna saƙo, a tsaya, ya isa haka, kuma ciwon daji yakan fara ne idan wata ta daina saurare. Wannan ya yi mini daɗi. Na sha yi wa ƙannenki faɗa da shi.

To, Rabi, akwai ƙullutu a ƙarƙashin hammatata. Tun kafin haɗarin motar nan da ya ɗauke ki yake, ina gasa shi da ruwan zafi ina rufewa. Me ya hana ni nuna miki? Uwa ta buɗe jikinta gaban 'yarta ta fari? Kunya adon mace ce, haka na koya miki, ban kuma janye ba. Amma yana girma.

Na nuna wa Hauwa. Ba ta yi mini faɗa ba, da ke ce da kin yi. Ranar Litinin za ta kai ni asibiti. Ban ce mata gobe ba.

Allah ya haskaka makwancinki, ya sa aikinki ya bi ki da lada.

Mahaifiyarki, wadda yau ta ji maganarki,
Inna