Ruwan da Inna Ta Hana

Talata, 2 ga Mayu

An yi wa shugaban 'yan sikawut ɗinmu, Bature mai suna Arne, aikin zuciya. Likita ya ce ko ledar cefane kada ya ɗaga sai bayan wata shida, balle kwale-kwale. Ke nan tafiyar Kanada ta faɗo kaina. Yara takwas, kwana tara a daji, tafki bayan tafki, ba titi ba waya. Shekara biyu suna shiri.

Darlene Maki, shugabar kwamitin iyaye, ta kira ni tun ban ajiye bas ɗin da nake tuƙawa ba. "Hashimu, doka ta ce manya biyu. Ni ce ta ɗaya, kai ne na biyu. In ba kai, ba tafiya." Na ce to. Shekara shida ina koya wa 'yan sikawut ɗin nan tuƙi a tafkin bayan gari. Arne ke tafiya da su, ni in zauna Duluth, garinmu a nan Amurka, in gyara filafilan da suka karya. Ba wanda ya taɓa tambayata dalili. Sai yau da suka rasa mutum suka tuna da ni.

Alhamis, 4 ga Mayu

Takarda ta zo. Fasfo, allura, sa hannun likita, duk na cike. Layin ƙarshe ne: duk mai shiga jirgi, yaro ko babba, sai ya yi iyo yadi ɗari a gaban mai gwaji, sannan ya kwanta rigingine a kan ruwa minti ɗaya. Ranar 10 ga Yuni.

Na ninke ta na ɗora butar shayi a kai.

Asabar, 6 ga Mayu

Fitar farko tun narkewar ƙanƙara. Sun manta komai. Greta kaɗai, babbarsu, ke riƙe filafili kamar mai hankali. Sauran sai ka ce fura suke damawa. Na mayar da su kan ƙirgen da na koya musu tun suna ƙanana, da Hausata, ko sun so ko sun ƙi: ɗaya, biyu, ja!

Ɗaya daga cikinsu, Wyatt, ya shigo jirgi rigar kariyarsa a buɗe. Na ce ya sauka ya zauna a gaɓa har a tashi.

"Haba Mista Hash, zif ne fa kawai!"

"Doka doka ce."

Ya zauna yana jifan ruwa da tsakuwa awa biyu. Ban ji tausayinsa ba. Ruwan nan sanyinsa na ƙwace hannun mutum kafin ya tuna da zif.

Talata, 9 ga Mayu

Taro a ƙasan coci, da gahawar nan tasu mai kama da ruwan wanki. Na jira iyaye suka watse, na tari Darlene. Na ce gwajin nan cin fuska ne. Ni ɗan Yawuri ne. Ubana ya shekara arba'in yana ƙetarar da mutane da awakinsu a kogin Kwara. Na riƙe filafili kafin in riƙe cokali, kuma jirgi bai taɓa kifewa a hannuna ba.

Ba ta ko ɗago daga saƙarta ba. "Madalla. Ashe minti biyar zai ɗauke ka."

Na ce ba zan tuɓe riga a gaban yara in yi ta bundun-bundun a kwatarniyar wanka ba.

"Arne ma kowace shekara yana yi, da tumbinsa da komai. Yara sun gani, ba wanda ya mutu."

Na fito ban yi sallama ba. Shekara ashirin da uku a garin nan, har yanzu sai takarda ta ce ka iya kafin ka iya.

Laraba, 10 ga Mayu

Ban iya iyo ba. Ga shi na rubuta.

Lahadi, 14 ga Mayu

Ina ɗan shekara goma sha ɗaya ruwa ya ci Yaya Bawa. Shi da ya fi kowa iyo a unguwarmu. Ya faɗa ne ya ciro ragar da ta sarƙe. Kwana biyu kafin a gan shi.

Ranar sadakar uku Inna ta jawo ni ɗaki, ta kama kunnena kamar za ta cire. "Rantse ba za ka shiga ruwa ba." Na rantse da Allah. Jirgi ta bar ni ina shiga, don Baba ba shi da wani hannu. Amma tun ranar ruwa bai wuce gwiwata ba. Shekara arba'in da bakwai. Ita kuma tana ƙasa shekara goma sha biyu, ban ma samu jana'izarta ba. Wannan kaɗai na riƙe mata, kuma shi wata mata mai saƙa ke so in saki saboda layi ɗaya a takarda.

Ba zan yi ba.

Asabar, 20 ga Mayu

Yau ranar koyon kifar da jirgi da tayar da shi. Kamar kullum ina kan katakon gaɓa ina ba da umarni. Greta ta fito tana rawar sanyi, ta tsaya kusa da ni tana matse gashi.

"Mista Hash, shekara shida ban taɓa ganin wandonka ya jiƙe ba."

Na ce wanda ya iya tuƙi wandonsa ba ya jiƙewa.

Ta dube ni. Yarinyar nan aikin ceton masu wanka take yi a hutu, ta san tsayuwar mai tsoron ruwa. "Ba ka iya ba, ko?"

A hankali ta faɗa, amma Wyatt kunnensa kamar na zomo. Kafin in juya duk takwas sun ji. Sai Wyatt, ɗan banza, ya gyara murya ya kwaikwayi tawa: "Doka doka ce."

Ba wanda ya yi dariya. Da sun yi da ya fi mini sauƙi.

Litinin, 22 ga Mayu

Darlene ta buga wa iyaye maza da mata duka waya, tana neman mai maye gurbina. Wannan ba hutu, wannan ciwon baya, wannan fasfo ya mutu. Ta faɗa mini ba tare da ta ɗora mini laifi ba, abin da ya fi ɓata mini rai ke nan. Ta ce ranar 10 in babu babba na biyu, za ta sanar da yara an fasa.

Laraba, 24 ga Mayu

Brent, uban Wyatt, ya same ni a garejin bas. Yana da shaidar yin gwaji. Ya zaro biro. "Kawo takardar, abokina. Da rigar kariya za ka kasance ai, wa zai sani?"

Mutumin kirki ne, ɗansa yake tausaya wa. Na ce masa, ɗanka na zaunar awa biyu saboda zif. In na karɓi wannan sa hannun, da wane baki zan sake ce masa ja zif? In jirgi ya kife da yaro a can, wa zai je wurinsa, biron naka?

Ya mayar da shi aljihu. "To, ka kashe tafiyar ke nan."

Wataƙila. Amma ba da ƙarya zan raya ta ba.

Lahadi, 28 ga Mayu

Na kira Yaya Tasalla a Yawuri, ina neman mai goya mini baya. Kuskure. Ta saurare ni har ƙarshe, sai ta kwashe da dariya har da tari.

"Auta, ashe Turai ba ta ƙara maka wayo ba." Duk inda fari yake Turai ne a wurinta. "In mutumin gidanmu ya ce ya tafi ruwa, ina ya tafi? Rijiya? Randa?"

Na ce Kwara.

"To! Inna ta taɓa sanin wani ruwa bayan shi? Kwara ta hana ka, shi ya ci mata ɗa. Ita ina ta san kwatarniyar Turawa?"

Na ce ruwa ta ce, kuma ruwa na rantse. Ba zan bi ta bayan kalma in yaudari matacciya ba.

"In rantsuwar ce ta dame ka, ciyar da mutum goma, ka san hukuncin ka fi ni. Amma ni na yi maka wanka kana tsirara, kada ka yi mini wa'azi. Tsoro kake ji, ka laƙaba wa Inna."

Na kashe wayar. Tsohuwar banza. Allah ya ƙara mata lafiya.

Talata, 30 ga Mayu

Na dafa shinkafa da wake babbar tukunya, na kai gidan marasa matsuguni. Mutum goma sha huɗu suka ci. Ba don maganar Yaya ba. Shinkafar ce ta daɗe.

Alhamis, 1 ga Yuni

Ƙarfe shida na safe, wurin wankan makaranta. Greta ke koyarwa. Doka ta hana babba keɓewa da yaro, saboda haka Darlene na kan benci da saƙarta, ta ga komai. Ruwan warin magani yake. Da ya kai ƙirjina na riƙe ƙarfen gefe har yatsuna suka ƙage.

"Saki, Mista Hash."

"Ina zuwa."

"Minti ashirin kana zuwa. Ka ce mana jirgi ba ya son mai taurin ƙugu. Kai ne jirgin yanzu."

Maganata ce ta mayar mini. Na saki, na sha ruwa, na fito ina zagin kakan wanda ya gina wurin, da Hausa.

Talata, 6 ga Yuni

Kullum. Kafaɗa ciwo, ido ja. Hannun ya iya ja, ai aikinsa ne tun haihuwa. Ƙafar ce 'yar adawa.

Asabar, 10 ga Yuni

Yadi saba'in da biyar na kama gefe. Mai gwajin ta rubuta abin da ta gani, daidai ta yi. Darlene ta ninke saƙa ta ce za ta aika wa iyaye saƙo.

Ina haki na ce kada ta kuskura. A ba ni mako ɗaya. Ba su ne za su ce na kasa ba, ni zan faɗa, kuma ban faɗa ba tukuna.

Ta tura saƙar cikin jaka. "Asabar. Daga ita babu wata."

Asabar, 17 ga Yuni

Duk takwas suka zo, ba wanda ya gayyace su. A daidai inda na tsaya wancan makon ƙirji ya kulle, na ga gefe, hannu ya fara miƙewa da kansa. Sai na ji su suna bin bakin ruwan suna buga ƙafa. Ɗaya, biyu, ja! Ɗaya, biyu, ja! Da wannan karyayyar Hausar tasu, muryar Wyatt a sama.

Na ja. Ban san yadda na kai ba.

Sannan kwanciyar rigingine. Kunne ya nutse, hayaniya ta ɗauke. Na yi zaton Bawa zan gani. Fitilun rufi kawai na gani.

Mai gwajin ta ce ba ta taɓa ganin iyo mai muni irin wannan ya cika yadi ɗari ba. Ta sa hannu. Wyatt ya miƙo mini tawul, ya buɗe baki, na ce in ka faɗa sai ka ɗauki tukwane har Kanada. Ya rufe.

Alhamis, 13 ga Yuli

Kwana na biyar a daji. Sauron nan ya fi na Yawuri rashin kunya. Jiya sau huɗu muka ɗauki jirage a kafaɗa daga tafki zuwa tafki, Darlene ta rasa takalmi ɗaya a taɓo, ta ci gaba da tafiya da ɗayan. Matar nan ba laifi.

Bayan asuba na sauka gaɓa wanke tukunyar shayi. Ruwan shiru, ba ko motsi. Na sa rigar kariya, na ja zif har wuya, na ta da Darlene ta zauna kan dutse, don doka ta hana shiga kai kaɗai. Na shiga. Gwiwa, ƙugu, ƙirji. Na kwanta.

Jikina ne ya yi datti, ba wani abu ba.

Na ɗan daɗe dai. Har Darlene ta ce shayi ya huce.

Inna, ba Kwara ba ne.