Jinginar Fadamar Mandera

Bodinga, 9 ga Satumba

Zuwa ga Yayana Kamilu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Inna da Safinatu da yara. Na ba direban Shagari takardar nan ne don na san a tsakiyar majalisa kake amsa waya, maganar kuwa tamu ce.

Na samu aiki a wata sakandare mai zaman kanta, ina koyar da Fiziks. Albashin dubu arba'in da biyar ne. Ka yi dariyarka, ni ma na yi. Bashin karatu na gwamnati yana can yana jirana, amma shi bai matsa ba tukuna. Wanda ke raina shi ne fadamar Baba da ka jinginar wa Alhaji Ɗahiru a kan dubu ɗari huɗu, don kada in bar jami'a. Takardar jinginar ta ce in ba a fanshi fadamar ba zuwa ƙarshen Disambar bana, ta zama tasa. Na tara dubu ɗari uku daga alawus ɗin bautar ƙasa. Sauran zai cika a albashin Disamba, in sha Allahu.

Yaya, ɗazu ina gaya wa ɗalibai cewa hasken rana minti takwas yake yi a hanya kafin ya iso mu, sai na tsaya da alli a hannu. A raina na ga hasken nan ya yi duk wannan tafiya ya sauka a kan allon sola a fadamarmu, injin yana jawo ruwa ba ko ɗigon fetur, ruwan yana bin fangali a hankali, albasa ta yi kore shar har bakin hanya. Sai da wata yarinya ta ce, "Malam, lahiya?" sannan na dawo.

Ka gaida Inna. Ƙaninka,
Maniru

*

Mandera, 2 ga Oktoba

Maniru malamin haske,

Wa alaikumus salam. Kowa lafiya lau, Inna tana sa maka albarka. Ta ce in tambaye ka, a cikin dubu arba'in da biyar ɗin har da abinci, ko hasken kake ci?

To, ka saurara. Ruwa ya fara janyewa daga fadama, kuma Alhaji Ɗahiru ya riga ya yafa iri. Ka manta yadda ake yi ne? Ba a fansar gona da shuka a cikinta. Da zarar ya yi dashe sai a jira ya cire albasarsa, wato wajen Maris, lokacin kuwa wa'adinmu ya wuce. Ka zo da abin da ke hannunka yanzu. Mu ɗauki Liman mu je mu durƙusa, ya karɓi ɗari ukun, sauran ya biyo baya. Na taɓa masa maganar a kasuwa, ya ce, "In yaro ya zaka da kainai, mu gani." Ka ga bai rufe ƙofa ba.

Ka yi sauri. Allah ya tsare.
Yayanka Kamilu

*

Bodinga, 20 ga Oktoba

Yayana mai daraja,

Gaisuwa da fatan alheri. Na karanta takardarka sau uku. Yaya, ba na son in shiga zauren Alhaji da guntun kuɗi ina roƙo. Kai ka durƙusa masa sau ɗaya saboda ni, ya isa. So nake in shiga da kuɗina cif, in ajiye a kan tabarma, in ce na gode. Kuma ai takarda takarda ce, da sa hannun shaidu biyu. Ta ce Disamba, ba ta ambaci dashe ba.

Na samu yara huɗu da nake yi wa darasi bayan la'asar, ƙila ma in cika kafin lokacin.

Na zana yadda za mu kafa allon. Zai fuskanci kudu, ya ɗan kishingiɗa. Wani lokaci ina cikin gyaran takardun jarrabawa sai in ji ƙamshin ƙasar da ta sha ruwa, in ga kamar kana zaune a inuwa ba ka ɗaga komai, rana tana yi maka ban-ruwa. Wallahi ina kewar gida. Na saka zanen a cikin ambulan, ka nuna wa Inna.

Naka har kullum,
Maniru

*

Mandera, 14 ga Nuwamba

Maniru,

Salamu alaikum. Muna lafiya.

An yi dashe ranar Talata. Na kai takardar jinginar wurin Liman da shaidun biyu, suka ce abin da kowa ya sani ba a rubuta shi. Alhaji bai yi mana wulaƙanci ba, cewa kawai ya yi, "Na jira yaro har irina ya so tsuhwa."

Ka riƙe kuɗinka, ka fara rage na gwamnati. Inna ta ga zanen, ta ce ya yi kyau. Ban gaya mata fadama ta tafi ba tukuna, kada ka ambata a waya.

Ba na fushi da kai, zuciyata ce dai ba daɗi. Alhaji ya nemi 'yan ƙwadago, ni kuma na je, don ba wanda ya san inda ruwa ke kwanciya a gonar nan kamata. Da hannuna na dasa masa albasar tun daga bakin rijiya har iyaka. Ya ba ni dubu uku.

Ka ci abinci sosai. Allah ya yi maka albarka.
Kamilu