Ba Za a Yi wa Ana Waƙa Ba

Kabong, Jos
Laraba

Yaya Theodora,

Ina gaishe ki cikin sunan Yesu. Yaya maigida da yara, yaya kuma ƙafar taki? Allah ya ƙara sauƙi.

Na rubuto ne don in na zo gidanki bakina ba zai yi daɗi ba. Na ji kun zauna, ke da kwamitinki na zumuntar mata, kun yanke cewa ba za a ɗaura zanen zumunta a yi wa Ana waƙa ranar jana'izarta ba, wai ta daɗe ba ta zuwa taron Alhamis.

Yaya, kin san inda Ana take kowace Alhamis. A ranar ce dillalin da ke tausaya mata yake sauke kaya a kasuwar Farin Gada. Sai ta tsinci kabeji da tumatirin da suka zube, ta wanke, ta kasa a bakin titi. Tun rasuwar mijinta da wannan take riƙe 'yarta. So kuke ta zo ta buga muku tulun kiɗa, yarinya ta kwana da yunwa? Ta yi wata da watanni tana tari, babu wadda ta leƙa ta. Amma matar Pwajok, da rabonta da taro tun bara, da ta tare a sabon gida har rawa kuka yi mata a ƙofa.

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye miki ba. Kullum muna karanta abin da Ubangiji ya ce game da gwauraye da marayu, mu ce amin da ƙarfi. Ga gwauruwa a kwance, mun tsaya duba doka. Asabar za a binne ta. Magana ɗaya daga bakinki ta isa.

Ki gaida kowa.
Ƙanwarki,
Loyis

Kabong, Jos
Lahadi

Yaya Theodora,

Ina fatan kun tashi lafiya, kuma an yi sujada lafiya. Ni ban je ba.

An binne Ana jiya. Na yi ta waigen hanya ko zan hango ku, har aka sauke akwati. Hassana da Suwaiba, maƙwabtanta a kasuwa, sun bar kayansu sun zo da hijabansu, suka tsaya gefe. Da fasto ya ce matan ikilisiya su yi waƙa, sai wuri ya yi tsit. Kin san muryata, tun muna yara kike dariyarta. Haka na ɗaga ta ni kaɗai, ba tulu, ba mai amshi, har na kai ƙarshe.

Da muka koma gida, 'yar ta ja ni gefe ta tambaye ni wane zunubi mamarta ta yi da ikilisiya ta ƙi ta. Na gaya mata ke ce shugaba, kuma gobe da yamma zan kawo ta gidanki ta ji daga bakinki. Kada ki fita.

Allah ya yi mana jinƙai.
Ƙanwarki,
Loyis