Rasuwar Shugabar Sashen Hasashen Guguwar Rana

Cikin alhini da kaɗuwar da har yanzu ba ta sake mu ba, Cibiyar Sa Ido Kan Rana da Hasashen Guguwarta tana sanar da jama'a rasuwar Shugabar Sashen Hasashe, Hajiya Dakta, wadda manya da ƙananan ma'aikata suka fi sani da Malama Sai-na-duba, saboda ba ta taɓa amsa tambaya da ka ba.

Allah ya karɓi abarsa ranar Talata da hantsi, a bakin aiki, tana da shekara hamsin da huɗu, ba tare da ko ciwon kai ba. Da safiyar ranar ta lura da wata gagarumar fashewa a fuskar rana, ta tara mu, ta lissafa lokacin da guguwar za ta iso duniya, ta sa hannu a takardar gargaɗi ga masu kula da wutar lantarki da jiragen sama. Sai ta cire tabarau ta nemi ruwan sha. Kafin a kawo kofin ta kife a kan tebur, kafin a kai ta asibiti rai ya yi halinsa. Guguwar ta iso ranar Alhamis, minti arba'in kacal bayan lokacin da ta faɗa, ta tarar kowa ya shirya, ita kuwa tana makwancinta.

Marigayiya ta yi wa wannan cibiya hidima shekara ashirin da shida. Ta fara ne tun lokacin da ake zana baƙin tabon rana da fensir a kan farar takarda, kuma ko da kwamfutoci suka zo ba ta daina hawa bene kowace safiya ta yi zanenta ba. Ba za mu manta da shekarar da ta tsaya kai da fata sai an rage nauyin manyan layukan wuta saboda wata guguwa da ta hango ba, alhali dukanmu muna ganin ta cika tsoro. Aka bi maganarta ana gunaguni. Guguwar ta zo da ƙarfin da ya girgiza maganaɗisun duniya, amma ko taransifoma ɗaya ba ta ƙone ba, asibitoci ba su rasa wuta ba. Washegari iyakar abin da ta yi shi ne ta tambayi wanda ya ɗauke mata abin fiƙe fensir.

A madadin Mai Girma Shugaban Hukumar Gudanarwa, Babban Darakta da ɗaukacin ma'aikata, muna miƙa ta'aziyyarmu ga maigidanta, Alhaji, da 'ya'yanta huɗu, da mahaifiyarta, dattijuwar da ta riƙe hannun Babban Darakta ta ce masa, "Ɗana, tun tana rarrafe nake hana ta kallon rana kada ta makance, ashe abincinta ke nan. Yau ga shi ita ta riga ni."

Allah ya jiƙan Malama, ya haskaka kabarinta, ya ba iyalanta da mu juriyar wannan babban rashi.

Sa hannu:
Kakakin Cibiya kuma Daraktan Yaɗa Labarai,
a madadin Hukumar Gudanarwa