Zuciyar Inna Ta Riga Mu Isa Treichville

Treichville, Abidjan
Ranar Laraba

Zuwa ga maigidana, Baban Rakiya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan kana lafiya, yaya gajiyar hanya, yaya kasuwar shanu? Allah ya sa a dace. Na buga wayarka har na gaji, na san ƙauyukan da kake babu rezo, waya ba ta shiga, shi ya sa zan ba Malam Ibrahimu direba wannan takarda, gobe motarsa za ta hau.

Ka ga na rubuta Treichville a sama maimakon unguwarmu Bromakoté. Kada gabanka ya faɗi. Muna asibiti da Inna, amma yanzu haka tana zaune tana shan kunu, har tana kushe shi wai ba tsami.

Shekaranjiya da hantsi tana tsintar shinkafa, sai na ga ta ajiye faifai ta dafe ƙahon zuci. Ta ce gyambon cikin nan ne, in jiƙa mata kanwa. Na dube ta, gumi na keto mata kamar an watsa mata ruwa, leɓenta ya yi fari. Ban jiƙa ba. Na tari tasi na kai ta ƙaramin asibitin nan na kusa da 220 Logements.

Nas ɗin da muka tarar, Madam Kulibali, tana ganinta ta jawo wata na'ura mai wayoyi da yawa. Da Julanci ta yi mini bayani, ta ce su ba su da likitan zuciya, amma na'urar za ta zana bugun zuciyar Inna, ta aika wa manyan likitoci a Treichville su karanta nan take. Ka san halin mahaifiyarka. Ta ce ita ba rediyo ba ce da za a jona mata wayoyi, kuma ba za ta buɗe ƙirji ba. Na lallashe ta, na roƙe ta, ta ƙi. Baban Rakiya, ƙarshe sai da na ɗaga mata murya, na riƙe hannayenta biyu har aka gama. Ta yi mini wani kallo da har yanzu ina jin sa a jikina.

Aka zo aikawa kuma rezo ya ɗauke. Madam ta fita bakin ƙofa tana ɗaga allon na'urar sama, ni kuwa ba abin da nake sai salati. Da ta ga abin ya ƙi, ta haɗa da wayarta ta kanta, zanen ya tafi. Ban ko gyara zama ba sai ga kira daga can. Likita ta ce jijiyar zuciya ce ta toshe, a ba ta ƙwaya ta tauna, a taho da ita yanzu-yanzu.

Inna ta ce a mayar da ita gida ta jira ɗanta, in ma tafiyar ce ta zo, ta tafi a gabanka. Ni ban jira ka ba. Na ce a sa ta a motar asibiti, kuma da suka nemi izinin yin aiki ni na sa hannu. Wannan ne ya fi tsaya mini a rai. Uwarka ce, ba ka nan, na yanke hukunci ni kaɗai.

A Indénié cunkoso ya riƙe mu, motocin hayar nan gbaka ta ko'ina, direba na ta jiniya ba mai matsawa sai da wasu 'yan talla suka shiga tsakiyar titi suka buɗe mana. Ina ta tunanin layin yankan kati da tambayoyin da za a yi mini da Faransancin da ban iya sosai ba. Muna isa sai na ji an kira sunan Inna daga bakin ƙofa, Madam Delu. Sun san shekarunta, sun ga zanen zuciyarta, gado na jira. Ta jijiyar hannu suka bi suka buɗe wadda ta toshe. Da aka fito da ita tana numfashi a hankali, na zauna a ƙasa na yi kukan da na riƙe tun safe.

Har yanzu ba ta yi mini magana sai ta dole. Na haƙura, tunda tana da ran yin fushin.

Rakiya tana wajen Yaya Hasana, tana gaishe ka. Ka sa mu a addu'a.

Taka har kullum,
Ummul-Khairi


Bromakoté, Adjamé
Ranar Asabar

Baban Rakiya,

Sallama da gaisuwa irin ta kewa. Ina fatan ƙafar da ka ce tana damunka ta yi sauƙi. Malam Ibrahimu ya kawo amsarka. Inda ka ce da kana nan abin da za ka yi ke nan, na karanta shi ya fi a ƙirga. Allah ya saka da alheri, ka sauke mini dutse.

Mun dawo gida. An hana Inna gishiri da kanwa, kullum sai mun yi daru a kan miya. Kowace safiya saƙo na shigowa wayata a tuna mini da maganinta, ita kuma ta ce waɗannan mutane ba su da aikin yi.

Jiya ranar komawa ce, amma ba sai mun ƙetare gada zuwa Treichville ba. Wajen Madam Kulibali muka je, aka sake jona wayoyin, wannan karon da kanta ta kwance mayafi. Sai da ta sa leshinta na Sallah ta shafa turare kafin mu fita, wai za ta ga likita, ba a zuwa gaban manya da tsumma. Da fuskar likitar ta fito a allo, ashe yarinya ce ba ta wuce sa'ata ba, Dakta Akisi. Inna ta daɗe tana kallonta, sannan ta ɗaga hannu ta shiga yi mata addu'a da Hausa, har da fatan miji nagari. Madam da ke ɗan jin Hausa tana fassarawa, likita na dariya tana amsa amin. Ta ce zuciyar ta yi kyau ƙwarai.

Sai likitar ta tambayi wace ce ni, don a rubuta mai kula da maganin. Na buɗe baki zan amsa, Inna ta riga ni. Ta ce a rubuta 'yarta ce, kuma a gaya wa likita wannan yarinya ƙarfi gare ta kamar namiji, ita ta danne ta ranar nan, Allah ya yi mata albarka. Ban iya ɗago kai ba har muka fito.

Saboda haka kada ka karyar da shanunka don saurin dawowa. Ka gama cinikinka a natse, gida lafiya. Inna ta ce ka taho mata da kuka da busasshiyar kuɓewa, kanwa kuwa ko ta aiko maka da saƙo a ɓoye kada ka saya.

Ka gaishe da abokan tafiya. Allah ya dawo mana da kai lafiya.

Matarka mai kewarka,
Ummul-Khairi