Kofunan Auren Jikar Madam Rifka

Mount Hope, Bronx,
9 ga Mayu, 2016.

Zuwa ga Inna Rafia,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Allah ya ƙara miki lafiya, ya sassauta ciwon gwiwar nan. Mu nan lafiya lau, maigidana Kadri yana nan yana jigilar fasinja a filin jirgi.

Inna, hankalina ba a kwance yake ba. Kin san aikina a ɗakin ginin tukwane na Madam Rifka, tsohuwar Bayahudiyar da ke ƙera kayan ibadarsu da yumɓu. Hannunta ya soma rawa, idonta ya yi rauni, shi ya sa ta damƙa mini ginin kofuna goma sha biyu masu mariƙi biyu, irin waɗanda suke wanke hannu da su kafin cin burodi. Na bikin auren jikarta ne, saura mako biyu. Ni kuwa da iyayi, na ga kofin zuba ruwa ba shi da wurin tsiyaya, sai na matse wa kowanne ɗan baki kamar na buta, yadda kika koya mini. Har ina yaba kaina.

Yau da rana, bayan an jera su a murhun gasa tukwane an kunna wuta, na ji tana yi wa wata mai saye bayani cewa a wajensu bakin kofin nan dole ya zama daidai ko'ina, ba tsaga ba matsi, in ba haka ba ita ba ta yarda wankin ya yi ba. Kin fi ni sanin yumɓun da ya sha wuta ba ya komawa.

Kadri ya ce in yi shiru, tunda ba ta gani sosai kuma matsin kaɗan ne. Wallahi na so in bi shawararsa, don ina tsoron rasa aikin nan. Amma da na zo alwalar la'asar sai na tuna, da ni aka miƙa wa ruwa marar tsarki aka yi shiru, ba zan yafe ba. Matar nan ita ke kashe rediyo in ta ga na shimfiɗa sallaya.

Gobe ake buɗe murhun. Zan riga ta zuwa in faɗa mata da bakina. Ko za a iya sake goma sha biyu cikin mako biyu, ko ma za ta bar ni in sake taɓa yumɓunta, ban sani ba. Ki sa ni a addu'a, Inna, tsoro nake ji.

Ki gaishe mini da Kawu Gariba da Adisa da yaranta.

Taki,
Adjara